Shekarar da Na Rufe wa Nasiru Ƙofa

Aminu, Habiba, Sadiya, wannan babin ya fi sauran shafarku, don haka ku karanta shi a zaune. Kun tashi a gidanmu na Yelwa kuna jin magana ɗaya daga bakin gwaggonninku: wai ni ce na raba kakarku da autanta, ni ce na rufe wa baffanku Nasiru ƙofa har ya ɓace. Ke Habiba, ranar kamunki ɗaya daga cikinsu ta ɗaga murya a tsakar gida, don dai in ji, ta ce a yi miki addu'a kada ki gaji zuciyar uwarki. Na ji, na ci gaba da zuba wa baƙi abinci. Ban taɓa tankawa ba, domin babanku yana raye, kuma duk abin da zan faɗa a kansa zai sauka. Yanzu ya yi shekara biyu a ƙasa, Allah ya jiƙansa, ni kuma idona ya fara gajiya da karatu. Gara in rubuta tun ina ganin layi.

Yawancin masu wannan magana ba su ma san wace ƙofa ake nufi ba. Da can ina aikin buga takardu a wani ofishin masu auduga a nan Garwa. Na fara da keken rubutu, har aka kawo ordinatar, wato kwamfuta, aka tura mu kwas. Sauran matan suka koyi abin da aka ce su koya suka tsaya, ni kuwa abin ya shiga raina, na riƙa aron littattafan Faransanci ina karanta yadda ake rubuta wa na'ura umarni. Da babanku ya ga mutane na layi a gidajen intanet, sai ya tsaga bayan shagon atamfar da ya gada ya buɗe siber, na'ura takwas da fanka biyu. Shi ko inda ake kunna su bai sani ba. Ni na bar ofis na riƙe wurin, amma a gari sunansa siber ɗin Alhaji Sale, kuma ban taɓa jin haushin haka ba.

Nasiru ya dawo daga Ngawundare bai ƙarasa karatu ba, ya kuma ƙi zaman shagon atamfa. Yana da shekara ashirin da shida a lokacin, dogo, mai yawan dariya, ba ya iya cin abinci bai yi magana ba. Ya zo da wani faifai mai ɗauke da ƙashin bayan wani wasa da ba shi da hoto ko ɗaya, rubutu ne zalla. Wannan ya dace da mu, don layinmu a lokacin kana iya shan shayi kafin hoto guda ya buɗe. Ya zauna wata huɗu ya cika wasan da ƙasarmu, ya sa masa suna Zango. Kai bafatake ne da jakinka. Ka rubuta "arewa", na'ura ta ce maka ga ka a gadar Binuwai, dorina biyu suna kwance a yashi. Ka ci gaba har dutsen Mindif, ko ka gangara Yagwa ka sayi shinkafa ka kawo Marwa. Duk wanda ya shigo a wannan lokacin, ko daga wane gari yake, kuna iya haɗuwa a hanya ku gaisa ku yi ciniki. Hausa ce jikin wasan, amma Fulatanci da Faransanci suna yawo a ciki yadda suke yawo a kasuwa.

Abu ɗaya ne ya gagare shi, ko in ce ya ƙi zama ya koya. Wata rana da hantsi ya juyo da kujerarsa ya ce:

"Yaya Zulai, ni na gina gari, amma gari ba ƙofa. Jiya wani ya shiga da sunan wani ya sayar masa da jaki. Ki taimake ni."

Na ce, "Kai da ka je jami'a?"

Ya ce, "Ni labari na iya. Tsaron ƙofa sai mai haƙuri, kuma wadda mutane ke tsoron yi wa ƙarya."

Haka ƙofar Zango ta zama tawa. Ni na rubuta ta daga farko har ƙarshe, a tsakanin goyon Sadiya da girkin rana. In ka haɗa da na'urarmu, abin da za ka fara gani shi ne: Sallama, wa ke nan? Ka rubuta sunanka na wasa. In tsohon ɗan gari ne kai, sai ta nemi kalmar sirri, wadda yara ke kira modepas. In ba ta san sunan ba, sai ta ce: Baƙo ne? Ta karɓi sunan da kake so, harafi uku zuwa goma sha biyu, ba tazara, ba zagi. Ka zaɓi kalmarka ka maimaita ta sau biyu. Na sa na'ura ta riƙa dagula kalmar kafin ta ajiye, yadda ko ni ba zan iya karanta ta ba. Wanda ya yi kuskure sau uku a jere sai ya jira kwata na awa. Wanda ya manta tasa kuwa, sai ya amsa tambayar da shi da kansa ya ajiye ranar rajista. Ban tambayi kowa sunansa na yanka ba, ko addininsa, ko ƙabilarsa. Babanku ya so a tambaya, na ce ƙofa ba ta buƙata. Akwai kuma littafin ƙofa, wanda na'ura ke rubutawa da kanta: wa ya ƙwanƙwasa, ƙarfe nawa, daga wace lamba, ya shiga ko bai shiga ba. Ni kaɗai ke karanta shi. Ina alfahari da aikin nan, kuma har yau ban ji kunyar faɗa ba. Mutanen da ba su taɓa ganin fuskata ba suna kirana Mai Ƙofa, suna yarda cewa abin da suka bari a hannuna yana nan.

A cikin Zango Nasiru ya haɗu da Marta. Ɗiyar manoman dutse ce, Kirista, tana koyon aikin jinya a nan Garwa, Hausarta ta kasuwa ce amma ta fi ta wasunmu daɗi. Sun yi wata shida suna kai gero Mindif tare kafin su ga juna. Ranar da ya faɗa a gida cewa ita zai aura, Inna, kakarku, ta ajiye carbinta ta shiga ɗaki. Babanku ya jira har washegari bayan la'asar, a ƙofar shago, abokan ciniki na zaune a benci, ya ce masa ya maimaita abin da ya faɗa. Ya maimaita. Babanku ya mare shi a gaban mutane, namiji mai gemu. Nasiru ya juya. Ya shigo siber ya ɗauki hularsa a kan na'ura ta uku, ya dube ni ya ce, "Yaya, ki kula da garin." Da safe ɗakinsa ba kowa. Marta ma aka ce ta bar makarantarsu a makon.

Kwana tara ba labari. Lambar wayarsa ta mutu. Inna ta daina cin abinci sai kunu. A rana ta goma na buɗe littafin ƙofa kamar kullum, sai na ga sunansa na wasa, Kurege, ya shiga ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ya yi minti arba'in ya fita. Na bar siber a buɗe na hau babur na tafi gida da gudu. Inna tana zaune a tabarma a gindin dalbejiya. Na ce mata yana raye, ya shiga yau.

Ta ce, "Ya shiga ina?"

Na yi mata bayani iya iyawata. Ba ta gane ba, amma ta riƙe abu ɗaya, cewa akwai wurin da yake sa hannu in gani. Daga ranar, kullum na dawo, kafin in cire mayafi sai ta ce:

"Zulai, ya shiga?"

In na ce ya shiga, ta ce alhamdu lillahi, a kawo tuwo. In na ce bai shiga ba, ta ce to, wataƙila gobe. Talata da Juma'a ya fi shiga. Wata bakwai muka yi a haka, kuma a watannin nan Inna ta fi sona fiye da 'ya'yan cikinta. Tana ajiye mini kan kifi. Tana ce wa gwaggonninku ni ce idonta. Ni da Nasiru ba mu taɓa maganar gida a cikin wasan ba. Sau ɗaya na same shi a kasuwar Yagwa ta cikin Zango, na rubuta masa, lafiya? Ya ce lafiya lau, Yaya, kada ki tambaye ni komai. Ban ƙara ba. Ya ci gaba da gina sababbin ƙauyuka a wasan daga inda yake, ni kuma ina ganin sunansa a littafi ina kai wa uwarsa.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin. Na san inda yake. Gidajen intanet ba su da yawa a arewa a shekarun, kowanne da lambarsa da ba ta canzawa. Lambar da Kurege ke shigowa da ita, ita ce ta wasu samari uku da suka daɗe suna gaya wa kowa a wasan cewa su 'yan Domayo ne, a Marwa. Tun ranar farko na gane. Babanku ya tambaye ni sau da yawa ko na'ura tana nuna gari, na ce ba ta nunawa. Na yi masa ƙarya ido da ido, domin na ji abin da yake faɗa wa kawunnansa, cewa ranar da ya san inda yake zai ɗauki mota da maza huɗu, a ɗaure ma in ta kama a dawo da shi.

Sai ga labari ya iso ta bakin wani direba cewa an ɗaura auren Nasiru da Marta, har matar tana da ciki. Direban bai san gari ba, shi ma ji ya yi. Ran nan Asabar ce, zafin Garwa na watan bazara, fankokin suna juya iska mai ƙuna. Babanku ya shigo siber da azahar ya sallami mutum biyun da ke ciki, ya tura ƙofa. Inna na biye da shi, ita da ba ta taɓa taka wurin ba. Ya ce:

"Ke kike buɗe wa mutane, ko ba haka ba?"

Na ce haka ne.

"To ki ba ni kalmarsa in shiga in yi masa magana da sunansa, kowa ya ji abin da ya yi."

Na ce, "Alhaji, ko ni ban san ta ba. Haka na gina abin."

"To ki rufe masa. In ya zo shiga ya tarar da saƙo, Inna ba ta da lafiya, ya zo gida. Ba za a buɗe ba sai ya zo da ƙafarsa."

Na dubi Inna, tana tsaye garau, ta ma sha lalle a ƙafa don sunan da za ta je washegari. Na ce, "Inna, lafiyarki ƙalau. In ya gane ƙarya ce, ba zai sake yarda da mu ba. Wannan ce kaɗai hanyar da muke jin motsinsa."

Ta ce, "'Yar nan, ciwon da ke cikina ke kika gani? Ni na haife shi. In ya ji, zai zo."

Babanku ya ce, "Ko dai ki rufe, ko in kira wani masani daga Yawunde ya duba littafin nan naki. An ce mini ana iya gane gari. In na tarar kin sani kin ɓoye mini, kin san sauran."

Na san sauran. Ku uku ne sauran, Sadiya ko yaye ba a yi mata ba. Na zauna ina lissafi a raina, in mai duba ya zo, Domayo za ta fito, mota za ta tafi, ni kuma in koma gidanmu ba ku. In na rufe, na ce wa kaina, kwana biyu ne, zai yi fushi, zan buɗe a ɓoye in ba shi haƙuri. Da wannan na lallashi kaina na jawo kujera. Babanku ya tsaya a bayana, hannunsa a kan kujerar, yana faɗa ina bugawa. Bai ɗauke ni minti biyar ba. Da na gama ya ce:

"In ya shigo da sabon suna fa?"

Ban yi zaton zai yi wannan tunanin ba. Sai ya ƙara:

"A rufe wa baƙi ma. Kada a ƙara rubuta kowa sai na ce."

Na rufe rajista. Duk baƙon da ya zo, ƙofa ta ce masa zango ya cika. Sannan ya ɗauki makullin ɗakin da babbar na'urar take ya sa a aljihu, ya ce daga yau ba na zama a gabanta sai yana wurin.

Ranar Talata ya zo da kansa muka buɗe littafin tare, shi yana kallo bai iya karantawa, ni ina karantawa ina fatan ban iya ba. Ƙarfe goma sha ɗaya da minti huɗu, Kurege ya ƙwanƙwasa. Kalmarsa daidai take, ƙofa ta ƙi, ta nuna masa saƙon. Ya sake. Ya sake. Ƙa'idata ta kwata na awa ta kama shi, shi da ya gina garin. Daga nan awa ɗaya ba komai. Daga baya na ji cewa a wannan awar ya nemi waya ya kira wani maƙwabcinmu mai gyaran rediyo, ya tambaye shi jikin Inna, mutumin ya ce wane jiki, ai shekaranjiya ma ta dawo daga suna. Sha biyu da rabi lambar Domayo ta dawo. Wannan karon bai sa Kurege ba, ya zo a matsayin baƙo. Littafin yana rubuta duk sunan da baƙo ya nema, ko an ba shi ko ba a ba shi ba. Nasiru ya san haka, ni na nuna masa. Sunan farko da ya rubuta shi ne yayazulai. Ƙofa ta ce zango ya cika. Na biyu, kekikayi. Na uku, donme. Na huɗu, harke. Bayan wannan, lambar ba ta sake fitowa da sunansa ba.

Babanku ya ce, "Me ya ce? Zai zo?"

Na ce, "Bai ce komai ba."

Da yamma Inna ta tambaye ni ya shiga, na ce ya zo bai samu shiga ba, ai mun rufe. Ta ce madalla, to yana hanya. Ta sa aka share ɗakinsa aka wanke zanen gado. Sati biyu tana aika a duba tashar motocin Marwa da ta Ngawundare. Sai da wata ya cika kafin babanku ya jefo mini makullin a kan tabarma ya ce in buɗe tsiyar. Na buɗe a ranar, na goge saƙon na sa wani, na ce ƙarya ce, ka yafe mini, shigo mu yi magana. Saƙon ya yi shekara uku a ƙofar ba wanda ya karanta shi. Na buɗe rajista, na riƙa bin kowane sabon suna ina duba yadda yake rubutu, ko zan ji muryarsa a ciki. Sau biyu na ɗauka shi ne, na yi wa baƙin mutane tambayoyin da suka sa suka gudu. 'Yan wasan kuma sun ji labari, don ba a ɓoye irin wannan. Wani ya rubuta a bangon kasuwar Zango cewa Mai Ƙofa tana rufe wa wanda mijinta ya ce. Ba ƙarya ya yi ba. Suka riƙa raguwa, ba mai gina sabon ƙauye, wayoyi masu hoto kuma suka fara shigowa gari. Wata rana na buɗe littafin na tarar kwana goma sha ɗaya ba wanda ya ƙwanƙwasa.

Inna ta daina tambayata. Ta daina ajiye mini komai. Ba ta taɓa cewa ita ta sa ba, ba ta kuma taɓa cewa ba ita ba ce, sai dai in na shigo ta juya fuska bango. A shekara ta uku ciwon gaske ya kama ta, ƙafafu suka kumbura, likita ya ce a kai ta gida a kula da ita. Ran nan na sami babanku yana alwala na ce masa Domayo. Na faɗa masa tun yaushe na sani. Ya ajiye butar a hankali ya dube ni, ya ce:

"Shekara uku da wata bakwai."

Ya tafi Marwa washegari shi kaɗai, ba maza huɗu. Mai siber ɗin ya tuna da shi, ya ce dogon nan mai dariya, ai tun shekarar da matarsa ta haihu suka tashi, bai san ina ba. An ba da saƙo a tashoshi, an faɗa wa direbobi. Ko ya isa gare shi ko bai isa ba, a lokacin ban sani ba. In ma ya isa, saƙon da muka taɓa aika masa ne kalma da kalma.

Kwana biyu kafin ta cika, ɗakin cike da gwaggonninku da matan unguwa, Inna ta buɗe ido ta ce a kira mata Nasiru. Aka ce yana hanya. Ta ce:

"Ba ya hanya. Zulai ta rufe masa ƙofa. Ta san inda yake ta ɓoye mini."

Duk ɗakin ya juyo. Babanku yana zaune a bakin gadon, riƙe da hannunta. Na dube shi. Kalma biyar ta ishe ni, da dai ya ce: ni na sa ta, Inna. Ya sunkuyar da kai yana gyara mata bargo. Daga wannan ɗakin maganar ta fita, ta zaga dangi har Yola, ta dawo ta same ku kuna yara. Na yi shekara goma sha biyar ina dafa wa mutanen da ke faɗinta abinci a kowace salla.

Sau ɗaya na roƙe shi. Bayan auren Aminu ne, muna zaune da safe yana shan koko. Na ce, Alhaji, yaran nan sun girma, ka gaya musu yadda aka yi. Ya ce, "Wace magana kuma? Abin da ya wuce ya wuce, Zulai. Kina so su raina ni ne?" Na ce ni fa, da suka riga suka raina? Ya ce ai ke uwa ce, ba a raina uwa. Ya tashi ya tafi shago. Mutumin kirki ne ta hanyoyi da yawa, bai taɓa barinku da yunwa ba, kuma na san abin ya ci shi, don na sha ganinsa yana tsayawa a ƙofar ɗakin ƙanensa. Amma ya ga inda kayan suka sauka, ya ga ba a kansa ba ne, ya bar su a nan har ya mutu.

A zaman makokinsa wani ɗan kasuwar shinkafa ya zo gaisuwa, ya nemi a kai shi wurina. Ya ce shi ne Ɗanlogon a Zango, ko na tuna? Na tuna, shi ne mai manta kalmarsa duk bayan salla. Da zai tafi ya rage murya ya ce Kurege yana Yagwa, yana riƙe da injin casar shinkafa a bayan kasuwa. Da na fita takaba na ce muku zan je Marwa ganin likitan ido. Yagwa na tafi.

Na same shi da hantsi, a cikin ƙurar ɓuntu, yana auna wa wata mata shinkafa. Ya yi furfura, ya rame, amma tsayin yana nan. Ya gane ni tun daga nesa. Ya kashe injin, ya kakkaɓe benci, ya aika aka kawo ruwa. Ya yi mini ta'aziyyar yayansa, ya ce labari ya iso masa, na Inna ma ya iso a lokacinsa, bayan an yi bakwai. Marta tana asibiti wurin aiki, 'ya'yansu huɗu. Duk wannan ya faɗa a tsaye, yana kallon titi. Na ce ya zauna, akwai abin da na zo faɗa. Na ba shi labarin Asabar ɗin nan tun daga tura ƙofa har makulli. Na gaya masa na san Domayo tun ranar farko na rufa masa asiri. Na gaya masa saƙon da ya jira shi shekara uku. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce:

"Na sani. Tun da na karanta na san maganar Yaya Sale ce, ke ba haka kike magana ba."

Na ce, "To me ya sa ba ka sake dawowa ba, ko sau ɗaya?"

Ya ce, "Shi ya mare ni, na san da shi. Inna kuma uwa ce, komai za ta iya yi don in dawo. Amma su biyun ko shekara za su yi a gaban na'urar nan ba za su iya rufe ta ba. Ke kaɗai kika iya."

Na buɗe baki in ce saboda ku ne, in ce a lokacin Sadiya tana goye, sai na ga ya riga ya san wannan ma, kuma bai canza komai a wurinsa ba. Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun tuni, Allah ya yafe mana baki ɗaya, da irin muryar da ake sallamar mai ciniki. Na ce ko zai zo Garwa ya ga 'ya'yan yayansa. Ya ce aiki ya yi yawa, yanzu kaka ce.

Wannan shi ne abin da ya faru. Ban rubuta don ku ce ba ni da laifi ba, baffanku ya riga ya faɗi nawa, kuma gaskiyarsa ne. Na rubuta ne don ku san mu uku ne a ɗakin, biyu sun tafi da mutuncinsu cikakke, ni aka bar wa duka. In gwaggonninku suka sake ɗaga maganar a gabanku, ba na so ku yi musu rashin kunya. Ku tambaye su kawai, wa ya riƙe makullin.

Shi kuwa ya sa aka ɗora mini rabin buhun shinkafa a mota, ya biya kuɗin kujerar gaba saboda ƙafata, ya ce wa direba ya bi da ni a hankali, tsohuwa ce. Na leƙo ta taga in ba shi lambar Aminu, na ga har ya juya. Kafin motar ta cika na jiyo injin ya tashi.